Yadda Ake Tsara Shigar da Na'urorin Zamani Cikin Darussan Ƙaramar Sakandare

A makarantu da dama akwai wani ɗaki da ake kira ɗakin kwamfuta. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, makullin yana aljihun mutum ɗaya, kwamfutocin kuma an lulluɓe su da leda tun ranar da aka yi bikin miƙa su. Malamin lissafi bai taɓa shiga da ɗalibansa ba, malamar Turanci ma haka. Kaya sun zo, amma ba a zauna an tsara wane darasi za su yi wa aiki ba, a wane mako, a hannun wa. Wannan jagora an rubuta ta ne domin shugaban makaranta da malaman lissafi, kimiyya, Turanci, Hausa da nazarin zamantakewa a aji 1 zuwa 3 na ƙaramar sakandare, inda ɗalibai kan kai 60 zuwa 80 a aji guda, wuta ba ta da tabbas, data kuma daga aljihun malami take fita.

Mataki na 1: A fara da jadawalin darussa, na'ura ta jira

Kowane malami ya ɗauko jadawalin darussan zangon da za a shiga, wanda aka ciro daga manhajar karatu ta NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa. Zango yakan kai mako 12 ko 13, amma idan aka cire makon dawowa, na bita da na jarrabawa, makonnin koyarwa na gaske ba su wuce 10 ba. A cikinsu malami ya ja layi ƙarƙashin batutuwa uku kacal waɗanda yara ke faɗuwa a kansu duk shekara. Kada ya dogara da tunani kawai. Ya buɗe takardun jarrabawar bara da na gwajin tsakiyar zango ya ga tambayoyin da mafi yawan aji suka bari fayau ko suka amsa a karkace.

Sai ya tambayi kansa abin da ya sa batun yake da wuya. Dalilai huɗu ne na'ura ke iya magancewa. Ko dai abin ba ya ganuwa da ido, kamar tafiyar lantarki cikin waya. Ko yana motsi ne, allo kuwa ba ya motsi, kamar yadda kusurwoyin alwatika ke canzawa idan aka ja gefe ɗaya. Ko sai an ji shi da kunne, kamar furucin Turanci. Ko kuma yawan tarawa da rabawa yana cinye lokacin darasi har yara ba su kai ga fahimtar manufar ba. Idan wuyar batun ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, alli da allo sun ishe shi. Haska rubutun darasi a bango don yara su kwafa ɓarnar batir ne, domin abin da allo yake yi ke nan tun da daɗewa ba tare da wuta ba.

Fannoni biyar, batutuwa uku-uku, darussa 15 ke nan ga kowane aji a zango. Wannan adadi zai yi wa wasu kaɗan, amma makarantar da ke da aji 1A zuwa 1C har zuwa 3C tana da azuzuwa 9, wato darussa 135 da za su bi ta kan kayan aiki guda a mako 10. Kusan darussa uku ke nan a kowace rana. Wanda ya ɗebo fiye da haka a zangon farko zai ajiye su duka kafin mako na biyar.

Mataki na 2: A ƙirga abin da ke aiki

Littafin sito yana iya cewa kwamfutoci 20, amma waɗanda za su tashi ba su fi 7 ba. A fito da kowace na'ura a kunna ta, a manna mata lamba da fenti ko maka, a rubuta: tana tashi ko ba ta tashi, batirinta minti nawa yake riƙewa bayan an zare caja, cajarta tana nan ko ta ɓace, nawa ya rage a ma'ajiyarta, kuma wane irin baki take da shi na haɗawa da majigi, HDMI ko VGA. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne da ke kashe darasi sukutum: malami ya shigo aji da laftof mai bakin HDMI, majigin kuma tsoho ne mai VGA, babu mahaɗi a tsakani. A sayi mahaɗin guda biyu a ɗaure ɗaya a jikin wayar majigin.

Wayoyin malamai ma kayan aiki ne, in masu su sun yarda. Bayan ƙirga za a ga makaranta ta faɗa ɗaya daga cikin hali uku: laftof ɗaya da majigi ko talabijin da lasifika, ko na'urori 8 zuwa 12 da za a yi karɓa-karɓa a kansu, ko cikakken ɗaki. Mafi yawan abin da ke tafe an gina shi ne kan biyun farko.

Mataki na 3: Lissafin wuta

A nan ne yawancin shirye-shirye ke rushewa, don haka a yi shi da biro da takarda. A bayan kowace caja an rubuta wat nawa take ja. A ɗauki misalin laftof mai wat 60, ƙaramin majigi na LED mai wat 70, na'urar Wi-Fi mai wat 10 da lasifika mai wat 10. Jimla wat 150. Idan za a yi aiki awa 4 a yini, ana buƙatar wat-awa 600. Inbata tana cin nata rabon, don haka a ƙara kashi ɗaya bisa huɗu, ya zama 750. Cajin tablet 10, kowace kimanin wat-awa 30, ya ƙara 300. Buƙatar yini ta tashi 1,050.

Batir mai bolt 12 da am-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Idan na ruwa ne irin na dalma, rabi kawai ya kamata a sha, wato 1,200, domin shanye shi ƙarƙaf kullum yana kashe shi cikin watanni. Ke nan batir ɗaya zai riƙe wannan kaya da ƙyar. Allon sola mai wat 300, a ranar arewa da ke bayar da kimanin awa 5 na cikakken haske, bayan an cire asarar zafi da ƙura da wayoyi yakan ba da wajen 1,050. Daidai wa daida ke nan, babu rara don ranar hadari ko hazo, saboda haka alluna biyu suka fi.

Tsohon majigi mai ƙwan fitila yana jan wat 250 zuwa 300, shi kaɗai zai shanye batirin. Yana kuma buƙatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi har ƙwan ya huce, don haka yawan ɗaukewar wuta farat ɗaya yana rage wa ƙwan kwana. Ƙaramin majigin LED ba ya cin wuta, amma haskensa ba ya iya gogayya da ranar hantsi sai an rufe tagogi, rufe tagogi kuwa a aji mai yara 70 cikin watan Afrilu azaba ce. Talabijin mai inci 43 yana ganuwa da rana tsaka, sai dai na bencin baya ba za su karanta ƙaramin rubutu ba. Duk wanda aka zaɓa, malami ya je bencin ƙarshe ya zauna ya karanta da kansa kafin ranar darasi. Rubutun da za a haska kada ya gaza lamba 28 a girma, layuka kada su wuce shida.

Lokacin hunturu a riƙa goge allunan sola sau biyu a mako da sassafe kafin su yi zafi, a kuma busa ƙofofin iskar laftof da na majigi. Na'urar da ke mutuwa da kanta bayan minti 20 tana aiki, sau da yawa ƙura ce ta toshe mata numfashi.

Mataki na 4: A tara kayan karatu da ba sa neman intanet

Darasin da ya rataya a kan sabis zai tsaya a tsakiya yara suna kallon abu yana juyawa a fuskar kwamfuta. Ƙa'ida ita ce duk abin da za a nuna yana cikin na'ura tun kwana biyu kafin darasi, an kuma gwada shi da data a kashe.

Kolibri, manhajar karatu da ƙungiyar Learning Equality ta yi, kyauta ce kuma don irin wannan yanayi aka gina ta. Ana girka ta a kan laftof ɗaya mafi lafiya, wanda zai zama uwa ga sauran. A kai shi inda sabis yake da ƙarfi a sauke darussa daga tashoshin da ke ciki, kamar Khan Academy, PhET da African Storybook, ko a kwafo su ta filash daga wata makarantar da ta riga ta sauke. Kada a sauke tasha ɗungurungum, wasu suna kai gigabait da yawa. A zaɓi batutuwan nan da aka ja wa layi. A makaranta sai a haɗa laftof ɗin da na'urar Wi-Fi, ko da babu layi a cikinta. Kolibri za ta nuna wani adireshi na lambobi da yawanci ke ƙarewa da 8080. Duk waya ko tablet da ta hau wannan Wi-Fi, in aka rubuta adireshin a burauzarta, darussan za su buɗe. Malami yana iya buɗe aji, ya ware darasi, ya haɗa gwaji, ya ga wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Abubuwa huɗu ne suka fi kawo cikas. Adireshin yana canzawa idan aka kashe na'urar Wi-Fi aka kunna, sai a shiga saitinta a ɗaure wa laftof ɗin adireshi ɗaya na dindindin, a rubuta shi a kwali a manna a bango. Katangar tsaro ta Windows takan hana sauran na'urori shigowa, sai an ba Kolibri izini. Laftof yakan yi barci bayan 'yan mintuna ya yanke kowa, don haka a kashe barcin a saitin wuta. Ƙaramar na'urar Wi-Fi kuma takan sarƙe idan na'urori fiye da 15 suka buɗe bidiyo a lokaci guda, maganinsa a haɗa uwar da wayar kebul maimakon iska, a kuma rage masu kallon bidiyo.

Ban da Kolibri, gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado ana sauke kowanne a matsayin fayil guda da ke buɗewa ba intanet. GeoGebra, manhajar lissafi, tana aiki a waya da kwamfuta bayan an girka ta. Kiwix tana buɗe Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da sabis ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, inda darussan suka bi manhajar karatun ƙasa. A ware filash ɗaya na makaranta wanda ba ya zuwa shagon buga takardu, domin daga can ake kwaso cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi marasa buɗewa.

Mataki na 5: Abin da kowane fanni zai yi

*Lissafi.* A ɗauki batun jimlar kusurwoyin alwatika. Yara sun haddace 180, amma da yawa suna zaton babbar alwatika ta fi ƙarama jimla. A fara da takarda: kowa ya zana alwatika, ya yage kusurwoyin uku, ya jera su baki da baki ya ga sun yi miƙaƙƙen layi. Sannan malami ya buɗe GeoGebra, ya zana alwatika, ya sa ta nuna girman kowace kusurwa da jimlarsu. Kafin ya taɓa komai ya tambaya: idan na ja wannan tsini sama, wace kusurwa za ta ragu, jimla kuma ina za ta nufa? Kowa ya rubuta hasashensa. Sai a kira ɗalibi ya ja da hannunsa, lambobi uku suna canzawa, jimlar tana nan. A lura da abu ɗaya: idan an saita manhajar ta nuna cikakkun lambobi kawai, yaro mai kaifin ido zai tara da kansa ya samu 179 ko 181. A sa ta nuna lamba ɗaya ko biyu bayan ɗigo, a kuma yi amfani da damar a bayyana abin da ake nufi da kusantar da lamba.

Na biyu shi ne ƙididdiga. A tura yara su tambayo farashin kwanon masara ko gero a wurin masu awo biyar-biyar. A lissafa matsakaicin farashi biyar na farko da hannu a allo, domin wanda bai iya da hannu ba kwamfuta ba za ta koya masa ba. Sauran a shigar da su Excel ko LibreOffice Calc. Daga nan a canza farashi mafi tsada ya zama ninki goma, aji ya ga matsakaici ya yi tsalle amma lambar tsakiya ba ta gusa ba. Wannan bambanci da hannu zai ci darasi biyu kafin a gan shi.

*Kimiyya.* Gwajin PhET mai suna Circuit Construction Kit yana ba da batir, waya, ƙwan fitila da makunni a haɗa a kan fuskar kwamfuta, ana ganin lantarki yana tafiya. A haɗa ƙwai biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, a gefe kuma wasu biyu kowanne da hanyarsa. Tambayar hasashe: wane haɗi ne zai fi haske, kuma me zai faru in aka cire ƙwai ɗaya? Bayan an gani, a tambaye su wane irin haɗi ne a gidajensu, tunda mutuwar ƙwan zaure ba ta kashe na ɗaki. Idan aka haɗa baki biyun batir da waya kai tsaye, gwajin yana nuna wuta ta kama, hanya ce mai kyau ta nuna haɗarin da ba za a so a gwada da gaske ba. Amma kada a tsaya nan. Batiran tocila biyu masu bolt 1.5, ƙananan ƙwai da guntun waya ba su da tsada, kuma yaron da ya murɗa waya da yatsunsa ya ga ta ƙi kamawa saboda bai fere robar bakinta ba ya koyi abin da babu shi a kwamfuta.

Kyamarar waya ita kaɗai kayan kimiyya ce. A shuka wake a kwalba mai haske da auduga jiƙaƙƙiya, a jingina rula a gefe, a ɗauki hoto kullum da ƙarfe 8 daga wuri ɗaya har kwana 10. A jera hotunan, yara su karanta tsawon saiwa da na kara su zana jadawali.

*Turanci.* Babban amfanin na'ura a nan kunne ne. Lasifika da waya sun isa. A kunna magana da ba ta wuce minti 3 ba, a rubuta tambayoyi uku a allo tun kafin a kunna, a saurara sau biyu. Furucin da ke ba mai jin Hausa wuya, kamar bambanta p da f ko v da b, a ɗauki muryar ɗalibi yana karantawa ya ji kansa, domin mutum ba ya jin kuskurensa yayin da yake magana. A ba kowane ɗalibi sakin layi ya karanta na minti 1, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, a ajiye, a maimaita bayan mako 4. Da yara 70 ba za a gama rana ɗaya ba, a ɗauki bakwai a kowane darasi. Insha'i kuwa a rubuta a littafi tukuna. Yaron da bai san inda baƙaƙe suke a madanni ba zai ƙare minti 15 a kan jimla biyu.

*Hausa.* Wannan fanni ake mantawa da shi a irin wannan shiri, alhali yana da aikin da ya fi kowanne sauƙin kaya. Na farko, baƙaƙe masu lanƙwasa. A sa Hausa a madannin Gboard na waya, a Windows kuma a ƙara madannin Hausa a saitin harshe. A ba yara kalmomi irin baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, su buga jimloli da ke nuna yadda ma'ana ke juyewa. Idan ƙ ko ɗ ya fito a matsayin akwati, salon rubutun ne ba shi da baƙin, a canza zuwa wanda ke da shi, kamar Andika. Na biyu, adabin baka. Rukunin yara biyar su je wurin kaka ko wani dattijon unguwa, su nemi izini, su ɗauki tatsuniya ko bayanin wata sana'a kamar jima ko rini na minti 5, su dawo su rubuta shi bisa ƙa'idar rubutu. A nan za su yi karo da raba kalma da haɗe ta, da bambancin karin harshe, misali tsakanin Sakkwatanci da Kananci, a cikin maganar da suka ji da kunnensu.

*Nazarin zamantakewa.* A sauke taswirar jiha da ta ƙasa a manhajar da ke aiki ba sabis, kamar Organic Maps. Yara su zana hanyarsu daga gida zuwa makaranta a takarda, sannan a kwatanta da taswira, a shiga batun ma'auni da alƙibla. A bi Kogin Kwara da na Binuwai da yatsa har mahaɗarsu a Lakwaja. Duk abin da aka karanta a Kiwix a sa su nemo shi a littafin karatu su ga ko an dace.

Mataki na 6: Tsarin minti 40 da shirin ko-ta-kwana

Darasi mai majigi ɗaya yana iya tafiya haka: minti 5 na tuna baya da jefa tambaya, 5 na rubuta hasashe, 12 a kan na'ura, 10 na aiki a littafi, 5 na tattaunawa, 3 na tambayar fita da kowa zai amsa a guntuwar takarda. Na'ura ba ta kai sulusin lokaci ba, kuma haka ya kamata. Sharaɗin shi ne an haɗa komai kafin a buga ƙararrawa. A horar da ɗalibai biyu a kowane aji, mace da namiji in ajin haɗe ne, su riƙa ɗauko kaya su haɗa lokacin tara ko ƙarshen darasin da ya gabata.

Karɓa-karɓa tana buƙatar darasi biyu a haɗe, minti 80. A ce yara 72 da tablet 9. A raba su gida uku, 24-24. Gida ɗaya yana kan tablet 8, mutum uku-uku, ta tara tana ajiye don wadda za ta mutu. Gida na biyu yana tare da malami a gaban allo, na uku yana aikin littafi. Kowane zagaye minti 20, da minti 3 na sauya wuri, saura na buɗewa da rufewa. A cikin mutum ukun, ɗaya yana taɓawa, ɗaya yana rubuta sakamako, ɗaya zai yi bayani, kuma ana juya aikin kowane minti 7. In ba a yi haka ba, wanda akwai waya a gidansu zai riƙe na'urar har a tashi, a ajin haɗaka kuma 'yan mata ne suka fi komawa 'yan kallo. Kowane rukuni ya samu takardar aiki mai matakai da ba su wuce biyar ba.

A shirin darasi a ƙara gurbi guda: in wuta ko na'ura ta ƙi. A rubuta takamaiman abin da za a yi, kamar zane a kwali ko hotunan da aka buga. Malami ya ba na'ura minti 3 kawai. In ba ta tashi ba ya koma kan kwali, gyara sai bayan darasi.

Mataki na 7: Jadawali, makulli da horo

A manna jadawalin mako a ɗakin malamai, kowa ya rubuta sunansa da aji da rana tun ranar Juma'ar da ta gabata. Makulli ya zama biyu a hannun mutum biyu, da littafin fita da shiga inda ake rubuta lambar na'ura da halin da ta dawo. A daina cire wa malami kuɗi a kan lalacewar da ba ganganci ba, domin tsoron biya shi ne ke sa kowa ya guji taɓa kayan.

Horon yini uku a babban zaure, inda ake koya wa kowa abu ɗaya, ba ya daɗewa a ka. Masana biyu na Jami'ar Jihar Michigan, Punya Mishra da Matthew Koehler, sun bayyana a 2006 cewa sanin na'ura shi kaɗai bai isa ba, sai ya haɗu da sanin fanni da sanin dabarun koyar da shi. A aikace, a ware minti 45 a mako, malami ɗaya ya koyar da ainihin darasin da zai yi mako mai zuwa, abokan aikinsa suna zaune a matsayin ɗalibai, da kayan da zai yi amfani da su. A nan za a gano rubutu ya yi ƙanana ko bidiyo ya yi tsawo. Malamin kwamfuta mataimaki ne, kada a sauke masa darasin lissafi.

Mataki na 8: Iyaye da sirrin yara

A kira taron iyaye da malamai tare da kwamitin gudanar da makaranta (SBMC) a nuna musu darasi ɗaya da idonsu. Uba da ya ga na'urar ba ta da layi, babu abin da ke cikinta sai karatu, hankalinsa zai kwanta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye ko mariƙa kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka kada a ɗora hoto ko muryar ɗalibi a Facebook ko zauren WhatsApp ba da izini ba. A Kolibri a yi amfani da lambar rajista maimakon cikakken suna. Malamin da ya nemi taimakon manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen haɗa tambayoyi ya warware kowace tambaya da kansa kafin ta isa aji, domin suna kawo amsar kuskure cikin lafazi mai gamsarwa.

Mataki na 9: Awo da rufe zango

Ga kowane batu a shirya tambayoyi biyar, a ba da su kafin darasi, a sake ba da makamantansu bayan mako 2. Murnar yara a ranar darasi ba hujja ba ce, majigi kowa yana son sa. In akwai aji A da B, a koyar da ɗaya da na'ura ɗaya ba ita a kwatanta, a batu na gaba a juya don kada a tauye kowa. Darasin da bai nuna bambanci ba a cire shi a sa wani. Wanda ya yi kyau a ajiye shirinsa da fayilolinsa a jaka ɗaya mai sunan fanni, aji da mako, don malamin da zai gaji ajin.

A makon bita a ba 'yan aji 3 gwaji ɗaya na zaɓen amsa a kan kwamfuta, su saba da linzami da madanni da agogon da ke ƙirgawa a gefe. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da masu rubutawa na ƙashin kansu a 2024, waɗannan yara kuwa nan suka dosa.

Kafin a tafi hutu a kwafe jakunkunan darussa a filash biyu, ɗaya a ofishin shugaba, ɗaya a wajen makaranta. Laftof da tablet a bar su da caji kimanin rabi, a kashe su gaba ɗaya, a ajiye a kabad nesa da rufin kwano. Batirin inbata na dalma kuwa a cika shi, a duba ruwansa a ƙara tataccen ruwan batir in ya yi ƙasa, a kashe inbata amma a bar sola a haɗe ta na'urar daidaita caji, a kuma sa wani ya riƙa leƙowa sau ɗaya a mako yana goge allunan.